Bourne na ɗaya ko na biyu: wanne za ka ba darenka?

Duk inda 'yan Arewa masu son finafinan Amurka suka zauna a Legas, ko a bencin mai shayi a Agege, ko a bakin shagunan Idi-Araba bayan sallar isha'i, da zarar an ambaci Jason Bourne sai gardama ta tashi. Kowa ya yarda Matt Damon, wanda ya fito a matsayin Bourne, ya yi ƙoƙari, kowa ya yarda labarin ya tsaru. Inda ake rabuwa shi ne tsakanin na ɗaya da na biyu, wato The Bourne Identity na 2002 da The Bourne Supremacy na 2004. Wani ɓangare na cewa na biyun ya rusa abin da na farko ya gina. Ɗaya ɓangaren na cewa sai a na biyu labarin ya yi nauyi. Sama da shekara ashirin ke nan da fitowarsu, amma har yau masu tura fim a waya suna tura su, matasan da ba a ma haifa ba a lokacin suna ɗaukar gardamar daga inda yayyensu suka aje ta.

Wanda nake yi wa wannan rubutu shi ne mai aiki kwana shida a mako, mai sauke tumatir da albasa a Mile 12, ko mai gadi a Lekki, ko ɗan canji da ke wuni a tsaye, wanda dare ɗaya kawai yake da shi na hutawa kuma datarsa a ƙirge take. Ba zai iya kallon duka a jere ba, dole ya zaɓa. Tun yanzu ina sanar da mai karatu cewa zan faɗi abubuwan da suka faru a ciki har da ƙarshensu, domin babu yadda za a auna finafinan nan biyu ba tare da an taɓa su ba.

Na farkon Doug Liman ne ya ba da umarninsa, an ɗauko tushensa daga littafin Robert Ludlum na 1980. Masunta ne suka tsinci wani mutum yana yawo a saman ruwa a Bahar Rum, kudu da Marsel ta Faransa, da harsashi biyu a bayansa. Bai san sunansa ba, bai san garinsu ba. Abin da aka samu a jikinsa kawai wata 'yar na'ura ce da aka binne masa a ƙugu, ɗauke da lambar asusun wani banki a Zurik ta Suwizalan. Ya je bankin, aka buɗe masa akwatin ajiya, ya tarar da fasfo iri-iri kowanne da hotonsa amma suna daban, ga damman kuɗin ƙasashe, ga bindiga. Ya kwashi fasfo da kuɗi ya bar bindigar. Daga nan aka fara farautarsa, ya haɗu da wata Bajamushiya mai suna Marie, wadda Franka Potente ta fito a matsayinta, ya yi mata tayin dala 20,000 ta kai shi Faris a 'yar tsohuwar motarta ja.

Ƙarfin wannan fim shi ne kai da jarumin jahilcinku ɗaya. Abin da bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Lokacin da 'yan sanda biyu suka tashe shi daga barci a bencin wani lambu a Zurik, hannunsa ya kayar da su cikin ƙiftawar ido, ya tsaya yana kallon bindigar da ya ƙwace da mamaki, kai ma mamakin kake yi. Wannan ne ya sa masu goyon bayan na ɗaya suke cewa fim ne da ke riƙe mutum ko da Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Tambaya ɗaya ce tal, wane ne wannan mutumin, kuma ido kaɗai ya isa ya bi amsarta. Ga kuma Marie. Ba 'yar leƙen asiri ba ce, mace ce marar tsayayyen wurin zama da ke fama da rashin kuɗi da matsalar takardu, abin da duk wanda ya zo cin rani garin da ba nasu ba ya san zafinsa. Tsoronta na gaske ne. Bayan wani faɗa da aka yi a gidan Bourne na Faris, mutumin da ya kawo harin ya faɗa ta taga, ita kuwa ta daskare, ta kasa ko tafiya sai da aka ja ta. Haka mutum na gaske yake yi.

Akwai wani abu a na ɗaya da ke jan hankalin mutanen Legas musamman. Mutumin da aka tura Bourne ya kashe, Nykwana Wombosi, hamɓararren shugaban wata ƙasar Afirka da ke gudun hijira a Faris, Adewale Akinnuoye-Agbaje ne ya fito a matsayinsa, ɗan wasan da aka haifa a Landan, iyayensa Yarabawa 'yan Najeriya. In ana kallo tare da maƙwabta Yarabawa, fitowarsa kan sa ɗaki ya ɗauki sowa. Ni kam rawar da aka ba shi ba ta yi mini daɗi ba, domin shi ne dai Baƙin shugaban nan mai hargowa da barazana da Hollywood ta saba nunawa. Amma a kansa ne zuciyar labarin take. Bourne ya hau jirgin ruwansa, ya ɗora masa bindiga a ka, sai ya ga 'ya'yansa ƙanana a tare da shi, hannunsa ya ƙi. A wajen gudu ne aka harbe shi ya faɗa teku. Wato tun kafin ya manta kansa, imaninsa ya riga ya motsa.

Fim ɗin ya ƙare da daɗi. Bourne ya samo Marie a tsibirin Mikonos na Girka tana ba da hayar babura, suka rungumi juna. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, kuma mu da yawa haka muka tashi, zai koma gida zuciyarsa a sanyaye.

To a nan ne na biyu ya ɓata wa mutane rai. An buɗe shi a Gowa ta Indiya, shekara biyu bayan wancan, su biyun suna ɓoye, Bourne yana fama da munanan mafarkai yana rubuta guntayen abin da ya tuna a littafi. A Balin kuwa wani makashi ɗan Rasha mai suna Kirill, wanda Karl Urban ya fito a matsayinsa, ya kashe mutum biyu a wajen wani ciniki na takardun sirri da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA take yi, ya bar zanen yatsan Bourne a wurin don a ɗora masa laifin. Sannan ya bi shi har Indiya. A wajen gudu Bourne da Marie suka yi musayar kujera, ita ta karɓi tuƙi, harsashin da aka auna masa ya same ta, motar ta faɗa kogi. Tun fim bai yi nisa ba jaruma ta mutu.

Na ga mutane sun kashe kallo a daidai wannan wuri. Wani dattijo mai sayar da goro da muke zama da shi, wanda ba ya wasa da finafinan faɗa, ya ce da ni, "Ɗana, wannan zalunci ne. Yarinyar nan ta sha wuya a na ɗaya, sai yanzu da ta samu hutu a kashe ta?" Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ka kai ƙarshe tukuna." Ƙorafinsa yana da tushe, kuma ba 'yan Arewa kaɗai suka yi shi ba. Rashin Marie ya ɗauke wa fim ɗin ɗuminsa. Daga nan har ƙarshe Bourne shi kaɗai ne, maganarsa ba ta da yawa, fuskarsa a murtuke, garuruwan da yake bi, Napoli da Munik da Balin da Mosko, yawancinsu cikin sanyi da duhu. Babu wanda zai yi wa dariya, babu wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci. Wanda ya zo neman soyayya ya tashi a tutar babu.

Amma ina ganin mutuwar ba ta banza ba ce. Maganar ƙarshe da Marie ta yi masa a cikin motar ita ce yana da zaɓi, ba dole sai ya koma kisa ba. Sauran fim ɗin gaba ɗaya gwaji ne na wannan magana. Mai kallo ya zauna yana jiran ɗaukar fansa irin wadda ya saba gani, a bi su ɗaya bayan ɗaya a gama da su, sai fim ɗin ya bi wata hanya. Zan dawo kan wannan.

Babban abin da ya fi raba masu kallo, a nan da ko'ina a duniya, shi ne kyamara. Daraktan na biyu, Paul Greengrass, Baturen Ingila ne da ya fito daga aikin shirye-shiryen binciken gaskiya na talabijin, kuma shi ya yi Bloody Sunday a 2002. Salonsa shi ne a riƙe kyamara a hannu, ta yi ta rawa, a matso da ita dab da fuska, a yanka hoto gajere-gajere, har ka ji kamar wani ne da abin ya rutsa da shi yake ɗauka. A na ɗaya, lokacin da Bourne ya yi faɗa da biro a gidan Faris, kana ganin inda kowa ya tsaya, kana ganin biron ya shige bayan hannun abokin faɗan, kana ganin yadda ya zare shi. A na biyu akwai faɗa makamancinsa a wani gida a Munik, inda ya naɗe mujalla ya tare wuƙa da ita. Dabarar ta fi ta farko, amma rabin abin kunne ne ke ji, nishi da karon ƙashi da fashewar kaya, ido kuwa yana ta kokawar gano hannun wa ke sama. Wasu sun ce wannan shi ne faɗa na gaskiya. Wasu sun ce an biya kuɗi a ga faɗa, an tashi da jiri.

Haka tseren mota. Na Faris a na ɗaya yana da daɗin kallo, 'yar ƙaramar mota tana gangara matakala, tana kutsawa lungu, tana bin hannun da ba nata ba, kana iya bin ta da ido tun daga farko har ta ɓace wa 'yan sanda. Na Mosko a na biyu wani abu ne daban. Bourne da harbi a kafaɗa, yana ɗingishi, ya shiga kanti ya suri taswira da kwalbar giya don wanke rauni, ya ƙwaci tasi, yana tuƙi yana duba taswira yana tsayar da jini. Motoci suna dukan tasin ta kowane gefe har aka shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa inda komai ya ƙare. Kallonsa kamar zama ne a kujerar baya ta danfo direba yana gudu a hanya mai ramuka: ba ka ganin gaba sosai, amma duk wani karo a jikinka kake jin sa. A ganina wannan tsere ya fi na Faris nesa ba kusa ba, da sharaɗin an kalle shi a inda ya dace.

Sharaɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne abin da masu gardama suka fi mantawa. Yawancinmu a waya muke kallo, kuma fim ɗin da aka turo mana an matse shi don kada ya cinye wuri. Matsewar nan ba ta cika cutar da hoton da ke tsaye cikin haske ba. Inda take yin ɓarna shi ne wurin duhu da wurin motsi mai sauri, sai hoton ya farfashe ya koma dabbare-dabbare. Na biyu kuwa kusan duka duhu ne da motsi. Saboda haka mutum biyu za su iya yin musu har su gaji alhali ba abu ɗaya suka gani ba, ɗaya ya kalla a talabijin da kwafi mai kyau, ɗaya ya kalla a ƙaramar waya a cikin motar BRT tsakanin Ikorodu da tsibiri, mota na rawa, hoto na rawa. Na ɗaya yana jure irin wannan wahala. Hotonsa a natse yake, ko an tsaya an ci gaba gobe zaren ba ya ɓacewa. Na biyu ba ya jurewa.

Sai batun harshe. A na biyu kusan rabin labarin a ofis yake, tsakanin manyan jami'an CIA biyu, Pamela Landy, wadda Joan Allen ta fito a matsayinta, da Ward Abbott na Brian Cox. Magana suke da sauri, a kan dala miliyan 20 na hukumar da suka yi ɓatan dabo, da wani attajirin man fetur ɗan Rasha mai suna Gretkov, da Treadstone, shirin makasan sirri na CIA da ya horar da Bourne, wanda aka rufe. Wanda ya rasa wannan zance zai ga ana ta gudu bai san dalili ba. Ga Jamusanci da Rashanci da ake fassarawa da rubutu a ƙasan allo, wanda a ƙaramar waya sai an ƙanƙance ido. Amma wanda ya bi zancen zai samu lada, domin Landy tana cikin abubuwa mafi kyau a fim ɗin. Ta fara da farautar Bourne da zuciya ɗaya, a hankali ta gane ɓarawon yana zaune kusa da ita a teburin taro. Wurin da Bourne ya kira ta a waya daga saman wani bene a Balin, ya ce a turo masa Nicky, wata ma'aikaciyar hukumar da ya sani, ta ce in ba a same ta ba fa, ya ce ai ga ta nan tsaye kusa da ke, ban taɓa ganin an kalle shi ba tare da wani ya buga cinya ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa, duk da abin da na lissafa, nake ɗora na biyu a sama. A cikin bincikensa Bourne ya gano cewa mafarkin da ke damunsa aikinsa ne na farko. A wani ɗakin otal a Balin ya kashe wani ɗan siyasar Rasha mai suna Vladimir Neski, matarsa ta rutsa shi, ya kashe ta ita ma, sannan ya tsara wurin yadda duniya za ta ɗauka matar ce ta harbe mijinta ta harbe kanta. Sun bar 'ya mace. Bayan ya naɗi muryar Abbott yana amsa laifinsa, ya wanke kansa, ba abin da ya rage masa a Turai. Zai iya ɓacewa. Sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Mosko, garin da makashin Marie yake, ba don makashin ba. Da tsere ya ƙare, Kirill yana cikin mota jina-jina, Bourne ya zo da bindiga a hannu, ya dube shi, ya juya ya tafi.

Inda ya nufa shi ne wani ɗan gida a cikin dogayen benayen talakawa, inda Irena Neski take zaune. Ta shigo ta tarar da baƙo a ɗakinta da jini a hannu, ta ɗauka ɗan fashi ne. Ya zaunar da ita, ya gaya mata cewa mahaifiyarta ba ta kashe mahaifinta ba, ba ta kuma kashe kanta ba, shi ne ya kashe su. Ya ce ya yi nadama, ya tashi ya fita. Babu kiɗa mai tayar da hankali, babu rantse-rantse, kyamarar da ta wuni tana rawa ta lafa.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin wannan. Yarinya ta girma da tabon cewa uwarta ta kashe ubanta ta kuma kashe kanta, abin gorin da ke bin mutum har gidan aure, har 'ya'yansa. Bourne ba zai iya dawo mata da iyayenta ba, amma akwai abu ɗaya da ke hannunsa, sunan uwarta, kuma ya ɗauko shi ya kawo mata har ɗaki, da sanin cewa tana iya tsine masa ko ta kira 'yan sanda. Mun taso ana gaya mana cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa don kawai ka yi kuka tsakaninka da Ubangijinka, sai ka je ga mai haƙƙin. Ban ce masu fim ɗin sun yi shi da wannan niyya ba, amma abin da na gani ke nan, kuma ban san fim ɗin faɗa da yawa da suka kai jaruminsu wannan matsayi ba. Fim ɗin bai ce ta yafe ba. Bai ce laifin ya goge ba don an juya masa tunani a lokacin da ya aikata. Dattijon nan mai goro ya kai ƙarshe daga baya. Har yanzu yana kan bakansa cewa kashe Marie kuskure ne, amma ya ce zuwa wurin yarinyar aikin ɗan halak ne.

Ga mai tunanin kallo da iyali, duka biyun a Amurka an sa su a rukunin da ake gargaɗin iyaye game da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Babu tsiraici a cikinsu. Na ɗaya yana da wuri guda a ɗakin otal, bayan Bourne ya rina wa Marie gashi ya rage shi, da za ka so ka tsallake in kana zaune da manya ko yara. Na biyu ya fi tsabta ta wannan fuska, amma ya fi nauyin zuciya: mace tana nutsewa a ruwa, shaƙe mutum da waya, da wani da ya harbe kansa. Tsawonsu bai bambanta sosai ba, na ɗaya ya kusa awa biyu, na biyu minti 108.

A kasuwa na biyu ya fi ciniki, kusan dala miliyan 290 a duniya, na ɗaya kuwa kimanin miliyan 214. Ban ɗauki wannan hujjar inganci ba, domin sunan da na ɗaya ya yi ne ya kawo wa na biyu jama'a. Abin da ya fi amfani ga mai zaɓi shi ne na uku, The Bourne Ultimatum na 2007, wanda ya ci kyautar Oscar uku, a jikin na biyu yake manne. Ya fara ne daga daren Mosko, kuma wayar ƙarshe da Landy ta gaya masa sunansa na gaskiya, David Webb, an sake maimaita ta a tsakiyar na ukun da wata ma'ana daban. Wanda ya tsallake na biyu zai yi ta tuntuɓe a na uku.

Saboda haka in ba ka taɓa ganin ko ɗaya ba, kada wani ya ruɗe ka da cewa na biyu ya fi zafi ka fara da shi. Mutuwar Marie ba za ta taɓa ka ba tunda ba ka san ta ba, zuwa Mosko kuma zai zama tafiya kawai. Ɗauki na ɗaya. Haka in a waya za ka kalla, ko a bakin aikin gadi inda hankalinka ke rabe, ko a hanya, ko kuma Turanci mai sauri yana ba ka wuya, na ɗaya ne naka, ba za ka yi da-na-sanin datarka ba. In kuwa ka riga ka san labarin farko, ko da a dunƙule ne, kuma kana da talabijin da wutar da za ta kai awa biyu, to ba na biyu daren. Nemi kwafi mai nauyi, kada ka yarda a tura maka wanda aka matse, ka tabbata yana da rubutun fassara a ƙasa kafin ka bar shagon. Zauna nesa da allon kaɗan, hakan yana rage jirin da kyamarar ke sawa. In minti ashirin na farko sun ɓata maka rai, daure ka wuce Munik ka isa Balin kafin ka yanke hukunci.